Kafin Mu Ce Gado Ne

Da wuya a yi mako guda a manyan garuruwanmu ba a ga irin wannan taro ba. Bayan la'asar 'yan sintiri sun taso ƙeyar wani yaro da bai wuce shekara 14 ba zuwa ƙofar gidan mai unguwa, riga a yage, an same shi da wayar wani da 'yar wuƙa a ƙugu. Ba yau ya fara ba. Uwarsa na tsaye daga gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, sai haƙuri take bayarwa. Kafin mai unguwa ya buɗe baki jama'a sun gama shari'a. Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka, gado ne. Haka aka yi fama da ubansa, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wata ta ce a nono ya sha. Wani ya ce a kai shi gidan mari kawai, can ne ake lanƙwasa irinsu.

Wannan magana ta "gado ne" ta daɗe tana damuna, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma wannan gaskiyar ce ke sa ta yi ɓarna. Abin da binciken shekaru masu yawa ya nuna shi ne, yaron da ya gaji zafin rai da rashin tsoro shi ne yaron da makomarsa ta fi rataya a kan irin riƙon da ya samu. Mu kuwa shi ne yaron da muke fara cire rai da shi, mu ba shi riƙo mafi muni, sa'an nan idan ya lalace mu ce da ma mun faɗa.

1. Wane yaro ake nufi

Ba kowace ƙiriniya ce kangarewa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da larura takamaimai da suke dubawa a yara da matasa, wadda za mu iya kira larurar kangarewar ɗabi'a. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013 ya lissafa halaye 15 a rukuni huɗu: cutar da mutane ko dabbobi, lalata dukiya da gangan har da cinna wuta, ƙarya da sata, da kuma keta manyan dokokin gida da makaranta kamar kwana a waje da gudun karatu. Sai yaro ya nuna aƙalla uku daga ciki a tsawon wata 12, abin kuma ya dagula masa zaman gida ko karatu, kafin a ce yana da ita. A faɗin duniya ana ƙiyasta yara biyu zuwa uku cikin ɗari ne ke da ita, maza sun ninka mata ko fiye.

A 1993 masaniyar halayyar ɗan Adam Terrie Moffitt ta raba waɗannan yara gida biyu, rabon da ya dace da abin da iyaye ke gani da idonsu. Akwai masu yawa da suke fara rashin ji a lokacin balaga, galibi saboda abokai, su daina da kansu idan sun kama sana'a ko sun yi aure. Akwai kuma 'yan kaɗan da abin ke farawa tun kafin shekara 10, tun suna cizon yara a makarantar allo da azabtar da kyanwa, ya bi su har girma idan ba a tare shi ba. Cikin 'yan daba na Kano, da 'yan sara-suka na Bauchi, da 'yan kalare na Gombe, da ƙauraye na Katsina, da matasan gungu na Damagaram, za a samu kashi biyun a cakuɗe. Idan muka yi musu kuɗin goro muka ce duk jini ne, mun zalunci masu yawan, mun kuma makara a kan 'yan kaɗan ɗin.

2. Gaskiyar masu cewa gado ne

Ba zan ce gado ba ya aiki ba, domin yana yi. Hanya mafi sauƙi da masana suka bi su gano haka ita ce tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin halittarsu kusan iri ɗaya ne sak, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suka haɗa, kamar sauran 'yan uwa ciki ɗaya. Idan Hassan ya kangare, yiwuwar Husaini ya kangare ta fi yawa a kashi na farko. A 2002 Soo Rhee da Irwin Waldman sun tattara bincike 51 na tagwaye da na 'ya'yan riƙo, suka samu cewa gado na da alhakin kusan kashi 40 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali. Sauran kusan kashi 60 daga abin da ya sami mutum ne bayan an yi cikinsa. A Ingila, Essi Viding ta duba tagwaye 'yan shekara 7 a 2005, ta samu cewa a yaran da suka haɗa rashin ji da ƙeƙashewar zuciya, wato rashin tausayi da rashin nadama, rabon gado ya haura kashi 80, a sauran masu rashin ji kuwa kashi 30 ne kawai.

Daga Denmak ma an samu hujja mai nauyi. A 1984 Sarnoff Mednick da abokan aikinsa sun wallafa binciken mutum 14,427 da aka ba da riƙonsu ga waɗanda ba danginsu ba. A cikin 'ya'ya maza da babu mai tarihin laifi a iyayen haihuwarsu ko na riƙonsu, kashi 13.5 ne kotu ta taɓa samu da laifi. Inda iyayen haihuwa kaɗai ke da tarihin, adadin ya kai kashi 20. Inda ɓangarorin biyu ke da shi, ya kai 24.5. Dattijon ƙofar gidan mai unguwa zai iya cewa ga shaidarsa nan. Amma ya juya lissafin ya gani: ko a rukunin da ya fi muni, uku cikin huɗu ba su taɓa shiga hannun kotu ba. Yawancin 'ya'yan masu laifi ba su gaji laifin ba. Alaƙar da aka gani ma a laifukan dukiya ce, ba ta fito fili a na zubar da jini ba.

Kuskurenmu shi ne muna ɗaukar gadon hali kamar gadon sikila. Sikila ƙwayar halitta ɗaya ce, gwajin jini kafin aure yana nuna ta, lissafinta sananne ne. Kangarewa ta fi kama da hawan jini, wanda yake bin dangi amma gishiri da ƙiba da damuwa ke tayar da shi ko su bar shi kwance. Babu ƙwayar halittar sata, babu ta daba. Abin da ake gada ɗimbin ƙananan bambance-bambance ne da suke haɗuwa su ba da yaro mai saurin fushi, ko mai yi kafin ya yi tunani, ko wanda tsoro bai cika kama shi ba. Wannan rashin tsoron shi ne kuma jarin soja nagari da ɗan kwana-kwana da mai shiga rijiya ya ceto wanda ya faɗa. Masu ilimin addini sun san ɗan Annabi Nuhu ya ƙi shiga jirgi, mahaifin Annabi Ibrahim kuma mai gumaka ne. Tsatso bai yanke wa ko ɗaya daga cikinsu hukunci ba.

3. Inda gado da riƙo suke gamuwa

A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna ƙanana har suka manyanta. A 2002 Avshalom Caspi da Moffitt suka duba wata ƙwayar halitta mai suna MAOA a cikin mazan, wadda ke da hannu wajen sarrafa wasu sinadaran saƙo na ƙwaƙwalwa. Yaran da ke da nau'inta mai rauni amma ba a ci zalinsu ba, ba su fi sauran yara kangarewa ba. Waɗanda suke da shi kuma aka gallaza musu ƙwarai tun suna ƙanana, kashi 85 cikin ɗari sun nuna wani nau'in kangarewa. Rukunin da ya haɗa raunin da cin zali kashi 12 ne na mazan, amma kashi 44 na hukuncin kotu kan laifin tashin hankali a kansu ya faɗa. Gaskiya ce binciken da aka maimaita daga baya wasu sun samu haka wasu ba su samu ba, kuma masana yanzu ba sa ɗora nauyi mai yawa a kan ƙwayar halitta guda. Sai dai tushen maganar ya samu goyon baya ta wata hanya da ba ta dogara da ƙwaya ɗaya ba. A 2016 Luke Hyde da abokansa sun duba iyalai 561 a Amurka da suka karɓi riƙon jarirai tun suna kwanaki da haihuwa. Jariran da uwayen haihuwarsu ke da tarihin kangarewa sun fi nuna alamun ƙeƙashewar zuciya suna 'yan shekara biyu da wani abu, ko da yake ba su zauna da uwayen ba. Amma a gidajen da uwar riƙo ke yawan yaba wa yaro da ƙarfafa masa gwiwa idan ya yi daidai, wannan alaƙa ta dushe.

A nan ne amsar wata tambaya da iyaye ke yi da zuciya ɗaya take. Uba zai ce, 'ya'yana takwas, tukunya ɗaya suke ci, tarbiyya ɗaya na ba su, bakwai sun shiryu ɗaya ya gagara, in ba jini ba me ke nan? Ina ganin babu gidan da ke ba 'ya'ya takwas tarbiyya ɗaya. Ɗan fari ya tashi lokacin da kasuwar uba ke ci, na biyar ya tashi bayan ta karye. Wani ya tashi a ɗakin uwarsa, wani uwarsa ta fita yana shekara uku ya dawo hannun kishiya, wani agola ne da kowa ke tuna masa nan ba gidan ubansa ba ne. Bayan haka yaron ma yana jawo irin riƙon da ake masa. Gerald Patterson na Oregon ya shafe shekaru yana lura da iyalai a cikin gidajensu, ya bayyana yadda abin ke juyawa a 1982: uwa ta ce bari, yaro ya yi birgima da ihu, uwa ta gaji ta ƙyale shi, ya koyi cewa ihu na biya, gobe ta fara da tsawa, ya ƙara ƙarfin ihun, ta kai ga duka, ya koyi cewa mai ƙarfi ke da gaskiya. Yaro mai sanyin hali ba ya jefa uwarsa cikin wannan zagaye. Mai zafin kai yana jefa ta kullum, har a wayi gari babu wata magana tsakaninsu sai zagi da baki. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, haka ne, amma shi ma jifan na samunsa. Ba ina ɗora wa uwa laifi ba ne. Macen da ke riƙe da yara shida, miji ya fita tun asuba ko ya tafi ci-rani, ba ta da wanda zai karɓe ta ko na awa ɗaya.

4. Abin da ba jini ba, ba kuma tarbiyya ba

Akwai abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro waɗanda ba sa shiga hirarmu ko kaɗan. Gubar dalma na gaba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi wa dubbai magani. Dalma tana lalata sashen ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu adadinta a jini da za a kira mara illa. A Pittsburgh ta Amurka, Herbert Needleman ya nuna a 1996 cewa yara mazan da dalma ta fi yawa a ƙashinsu sun fi faɗa da karya doka. Wannan ba hukunci ba ne a kan yaran Zamfara da suka tsira, waɗanda yanzu samari ne da 'yan mata. Haƙƙinsu ne a bibiyi lafiyarsu da karatunsu. Dalmar kuma ba a wurin haƙar zinariya kaɗai take ba, tana cikin tsofaffin baturan mota da ake fasawa a tsakiyar unguwa, da wasu fenti, da wani kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai. Yunwa ma haka: a tsibirin Mauritius an samu cewa yaran da ke da alamun tamowa suna shekara 3 sun fi nuna faɗa da rashin ji a shekara 8 da 11 da 17.

Talauci kuwa, wani zai ce ai yawancin 'ya'yan talakawa natsattsu ne, kuma ga 'ya'yan masu kuɗi nan suna shaye-shaye. Haka ne. Amma an taɓa samun gwajin da ba wanda ya shirya shi. Jane Costello na bibiyar yara 1,420 a jihar North Carolina tun 1993, kusan rubu'insu 'yan ƙabilar Cherokee, sai ƙabilar ta buɗe gidan caca a 1996 ta riƙa raba ribar ga kowane ɗan ƙabila. Tushen kuɗin ba abin koyi ba ne a wurinmu. Abin lura shi ne kuɗin ya shiga gidan mai ƙwazo da na malalaci ba tare da zaɓe ba. A gidajen da suka fita daga talauci, alamun kangarewa a yara sun sauka har suka yi daidai da na yaran da ba su taɓa talauci ba. Jinin yaran bai canza ba. Abin da binciken ya gano ya canza shi ne iyaye sun samu sararin sa ido a kan 'ya'yansu. Duk wanda ya san gidan haya mai ɗaki ɗaya, inda yaro ɗan shekara 12 dole ya nemi wurin kwana a shago ko zaure tare da waɗanda suka girme shi, ya san abin da ake nufi. A can ne ake fara miƙa masa sholisho da tiramol.

5. Bulala da mari

"Mu ma an dake mu, ga mu mun zama mutane." Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a bakin jama'a, kuma ba na raina ta. Amma masu faɗinta su ne waɗanda suka tsira. Waɗanda dukan ya ƙarasa ba sa cikin majalisar da ake hirar. Yawancinsu ma yara ne masu matsakaicin hali da suka tashi a gidan da akwai ƙauna da kakanni da maƙwabta masu tsawatarwa. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun haɗa binciken da ya shafi yara sama da 160,000, suka samu duka na tafiya tare da ƙarin faɗa da kangarewa, ba raguwarsu ba. Yaron da bai cika jin tsoro ba kuwa shi ne wanda bulala ta fi gazawa a kansa, domin ita bulala da tsoro take aiki. Idan goma ba ta yi ba a kai ashirin, daga nan sai sarƙa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Bayan 'yan makonni aka ga makamancinsa a Daura. Yawancinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi, domin sun rasa inda za su nufa.

Ko da babu duka, tara kangararru wuri ɗaya na da nasa haɗari. A jihar Massachusetts an fara wani shiri a ƙarshen shekarun 1930 da yara maza 506, rabi aka ba su masu ba da shawara da taimakon karatu da zuwa sansanin hutu, rabi aka bar su. Da Joan McCord ta neme su bayan shekara 30, sai ta tarar waɗanda aka taimaka wa sun fi sauran shiga matsala, mafi muni kuma waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya, inda suka yi ta koya wa juna. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da aka kulle da manyan masu laifi saboda satar waya zai fito da malamai da abokan aiki.

6. To, a ƙyale su ke nan?

A'a. Wanda aka soka wa wuƙa a kan waya yana da haƙƙi, kuma sanin dalilin laifi ba ya wanke mai laifi. Dole a hukunta, a biya diyya, a kare jama'a daga wanda ya zama haɗari. Tambayar ita ce wane mataki ne ke rage yawan waɗanda za a soka baɗi. Masu cewa duk wannan binciken Turawa ne kuma suna da hujja ta wani gefe: rabon gado da muhalli yana sauyawa daga al'umma zuwa al'umma, kuma jami'o'inmu ya kamata su auna namu. Amma inda yunwa da dalma da raba yaro da uwarsa suka fi yawa, hankali ya fi karkata ga cewa rabon muhalli zai ƙaru ne.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu a Kingston ta Jamaika aka yi shi, a unguwannin talakawa. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 masu tsumburewa, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, ta yi masa hira, ta yaba masa. Da suka kai shekara 22, waɗannan yaran sun fi takwarorinsu ƙarancin shiga faɗa da mummunan tashin hankali, abin da suke samu a sana'a kuma ya ɗara da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba likitan ƙwaƙwalwa ne ya yi aikin ba, wannan kuwa muhimmi ne a Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, asibitocin Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri kuma ba za su iya ɗaukar kowane yaro mai rashin ji ba. Muna da matan da ke shiga gida-gida domin rigakafin shan inna, muna da ungozoma, da malaman Islamiyya, da ranar awo da uwaye ke cika asibitin sha-ka-tafi. Jihar da ta horar da waɗannan su koya wa iyaye yadda ake kafa wa yaro doka a tsaya a kanta ba da duka ba, su kuma gane ɗan shekara 5 da ke azabtar da dabbobi ko cinna wuta su tura shi a duba shi, za ta kashe ƙasa da abin da take kashewa wajen ciyar da matasa a gidan gyaran hali. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofar kai irin wannan kulawa matakin unguwa. Abin da ya rage shi ne majalisun jihohi su sa shi a kasafin kuɗi.